Liƙi a Goshin Gawa

Wai shin cutar Bahauddeen na yi, ko taimakonsa? Shekara guda ke nan ina juya wannan tambaya. Ina ɗaure kwalaye ina juya ta, ina jiran jirgin ƙasa a tashar Taman Melati ina juya ta, ban samu amsa ba. Na taɓa kai ta gaban wani malami da ke digiri na uku a fannin shari'a. Ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni nawa nake kai kilo ɗaya Kano yanzu.

Sana'ata ke nan. Sunana Muntasir, ina da ɗan shago a unguwar Setapak a Kuala Lumpur, hawa na biyu, saman shagon wani mai sayar da tayoyin babur. Ɗalibanmu idan sun gama karatu za su koma gida, ni nake auna musu kaya in tura. A boko ban wuce aji biyu na sakandare ba. Amma ɗalibi idan kayansa suka yi nauyi, ba ya barin tukunyar dafa shinkafa, ba ya barin takalman matarsa. Littattafai yake bari. Shekara goma sha ɗaya ina karanta abin da masu digiri suka ga bai kai a biya masa kuɗin jirgi ba. Shi ya sa na san kaɗan daga falsafa, kaɗan daga kiwon kifi, da rabin tarihin Rumawa, don juzu'i na biyu mai shi ya tafi da abinsa.

Bahauddeen ya zo Kuala Lumpur da kuɗin gwamnati, zai yi digirin dakta a kan ƙasar noma. Dogo ne, kakkaura, mai faɗin ƙirji. Tun ranar da ya sauka muke ce masa Dakta, don mu ba ma jiran takarda. Wata rana yana tsaye a barandar ɗakinsu, hawa na tara, sai ya hango abokin zamansa ya kai bakin titi da makullin gida a aljihu. Ya buɗe baki ya kira shi. Muryar ta tsallake motoci da babura da injin masu gyaran kwalta, har wani kare ya ruga ƙarƙashin mota. Wata tsohuwa 'yar Sin da ke ƙoƙarin ajiye motarta a ƙasa ta ɗaga kai. Lif ya lalace ranar, amma ta taka hawa tara da ƙafarta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Bahauddeen ya fara ba da haƙuri, ta ce ba haƙuri ta zo nema ba, ya sake kiran sunan nan ta ji.

Ita ce Madam Khoo, shugabar wata 'yar ƙungiyar opera da ke hayar zaure kusa da Bukit Bintang. Ga wanda bai sani ba, opera wasan kwaikwayo ne na Turawa wanda ba a magana a cikinsa. Ko ruwa mutum zai roƙa, sai ya rera, makaɗa kusan talatin suna raka shi da goge da sarewa. Maza a wasan kashi uku ne. Mai siririyar murya shi ke samun budurwa. Mai murya can ƙasa kamar daga cikin rijiya shi ne sarki ko babban malami. Na tsakiya, wanda suke kira bariton, shi ne uban yarinya, ko mijin da aka ci amanarsa, ko mugun gari. Ko dai ya kashe, ko a kashe shi. Madam Khoo ta ce Bahauddeen bariton ne, irin wanda ta shekara ashirin ba ta ji ba.

Daga nan ƙasar noma ta ga ta kanta. Shekarar farko soja ya fito, yana riƙe da mashi, kalma huɗu ya rera. Ta biyu ya zama mai gadin ƙofa. Ta uku aka ba shi wuƙa. Kafin shekara ta biyar an kashe shi sau bakwai, shi ma ya kashe mutum huɗu, duk da Italiyanci. Kundin digirinsa kuwa ya tsaya a babi na uku kamar motar da mai ya ƙare mata a kan gada.

Mu dai abin da muka gani shi ne canji. Mutum ya fara naɗa mayafin ulu a wuya a garin da ko tsakar damina gumi kake yi. Ya daina shan ruwan sanyi, ya daina cin yaji. A wajen mamak, inda muke zama shan shayi da yamma, sai ya mayar da kofi sau biyu wai bai kai ɗumin da maƙogwaronsa ke so ba. Abin da ya fi ci wa mutane rai, ranar da zai yi wasa ba ya amsa sallama da baki. Hannu yake ɗagawa, ya nuna wuyansa. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko yaron nan aljanu ne suka taɓa shi. Na ce a'a, Turawa ne.

To, a bara ne lissafi ya zo wuya. Gwamnati ta daina turo kuɗi, jami'a ta ce ta gama ƙara masa wa'adi, bizarsa kuma saura mako shida ta mutu. Idan ya koma gida, kwalejin da ta turo shi na jiransa da alli da allo, kuma babu mai neman bariton daga Zariya har Daura. Hanya ɗaya ta rage. Wasu attajirai sun yarda su ɗauki nauyin mawaƙi guda ɗaya tak a ƙungiyar Madam Khoo, da albashi da takardar izinin aiki. Mutum biyu ke nema: Bahauddeen da wani ɗan Koriya. Ɗan Koriya ya yi nasa wasan. Na Bahauddeen an sa shi ranar Lahadi da ƙarfe uku, attajiran za su zauna a sahun gaba su yanke hukunci.

Saura kwana goma muna zaune a mamak, Alhaji Abdulwahidu ya iso. Shi ne babbanmu a garin. Shekararsa ashirin yana tura tsofaffin injinan mota Kano. Duk baƙon da ya sauka a gidansa yake cin tuwon farko, duk wanda ya rasu shi ke tsayawa a kan gawa. Gajere ne, mai tumbi, mai saurin dariya da saurin hawaye. Matarsa Hajiya Murja tana da tsohon ciki bayan shekara tara shiru, kuma babu wanda bai ji labari ba, har mai kawo mana shayi.

Ya zauna ya dafa kafaɗar Bahauddeen. "Dakta, na ji an ce kai ne Sarkin Waƙar Bukit Bintang. To, idan Hajiya ta sauka lafiya, kai za ka yi mana waƙar suna. Ba sai na ɗauko kowa daga gida ba."

Bahauddeen ya gyara mayafinsa. "Allah ya sauke ta lafiya, Alhaji. Amma ni ba maroƙi ba ne."

"To, me kake?"

"Abin da nake yi fasaha ce. Ba na wasa kowa, ba na ambaton kakannin kowa. Mutane suna sayen tikiti, su zauna, su yi shiru. Ni ba a yi mini liƙi. Goshina ba allon manna talla ba ne."

Alhaji ya saki baki. "Shekara biyar kana waƙa, ba wanda ya taɓa liƙa maka ko sisi?"

"Ko sau ɗaya," in ji Bahauddeen, yana alfahari.

A nan ne na sa baki, kuma da na yi shiru da babu wannan labari. Na ce na karanta a wani littafi cewa mawaƙan opera na dā sarakuna da attajirai ne ke riƙe su, su ci a gidansu, su rera musu yabo ranar biki. Na ce ashe bambancinsu da namu bai wuce na tufafi ba.

Bahauddeen ya dube ni sama da ƙasa, a gaban mutum takwas. "Malam Muntasir, kai dai ka ci gaba da auna kwali. Tsintar littafin da aka yar ba ta mayar da mutum malami."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Washegari Alhaji ya hawo shagona yana haki. Bai ji haushin ƙin da aka yi masa ba ko kaɗan. Tausayi ne ya hana shi sukuni.

"Muntasir, ka ji abin kunya? Ɗanmu yana tsage maƙogwaro a gaban baƙi shekara biyar, ba Bahaushe ɗaya da ya taɓa tashi ya rufa masa asiri. Shi ya sa yake cewa ba ya so. Kunya ce, irin ta 'ya'yan mutunci. Ranar Lahadi attajiran nan za su gane yaro yana da dangi." Ya ajiye mini ambulan. "Ka sayo tikiti talatin. Sauran ka kai wajen masu canji su ba ka sababbin takardu, waɗanda hannu bai taɓa ba."

Har ya kai ƙofa sai ya juyo. "Ai ana yi a can ko? Kai ne mai karance-karance."

Na san ba a yi. Na karanta cewa ko tari mutum ya yi a tsakiyar waƙa sai an harare shi. Na san kuma abin da ranar Lahadi take nufi ga Bahauddeen. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ni dai ban taɓa ganin an hana ba, Alhaji."

Gaskiya na faɗa. Ban taɓa shiga zauren ba, ina zan ga an hana? Na sha duba wannan magana ta kowace fuska, babu harafin ƙarya a cikinta. Shi ya sa take damuna fiye da duk ƙaryar da na taɓa yi.

Ranar Lahadi muka cika tarago guda da manyan riguna da ƙamshin turare. Zauren yana hawa na biyar a wani tsohon gini, kujeru ɗari uku, mutanen da muka tarar ba su kai ɗari ba. Madam Khoo da ta ga mutum talatin sun shigo a jere, sai da ta riƙe hannun Alhaji da hannuwanta biyu. Ga attajiran nan huɗu a gaba, ɗaya har ya fara gyangyaɗi tun ba a ɗaga labule ba.

Ni aka zaunar kusa da Alhaji don in riƙa fassara, ni da ban san Italiyanci ba sai abin da aka rubuta a takardar shiga. Bahauddeen ya fito a matsayin tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa, da gemun auduga da takobi. Yana da 'ya, ɗan ɗan'uwansa mai siririyar murya yana son ta, shi kuma ya hana.

"Me yake cewa?" Alhaji ya tambaya, da muryar da yake zaton raɗa ce.

"Ya ce a rufe ƙofa."

"Tun ɗazu? Minti biyar?"

"Yana maimaitawa ne, Alhaji."

"Ai kuwa da ɓarawo ne ya gama kwashe kaya."

Da aka ba da hutun rabin lokaci muka yi la'asar a ɗakin salla na ƙasa, muka dawo da alwala. Alhaji ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ji kayan aiki na nan. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana. Sau biyu na tuna kwali.

Sai aka zo wurin mutuwa. Ɗan ɗan'uwan ya soki kyaftin da wuƙa, kyaftin ya zame ya jingina da wata ganga, 'yarsa ta durƙusa a kansa. A takarda an rubuta zai yi minti goma sha ɗaya yana mutuwa. Na shirya yin dariya a zuci. Amma da Bahauddeen ya buɗe baki, dariyar ta gudu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ban taɓa jin abu irin wannan ba. Muryar ta fito a hankali, mai nauyi, mai ɗumi, ta cika zauren har kujerun da ba kowa. Ban san kalma ɗaya ba, amma na tuna mahaifina a gadon asibitin da ban samu zuwa ba. Attajirin da ke gyangyaɗi ya miƙe zaune. A wannan minti, wallahi, aikin na Bahauddeen ne, ba ya buƙatar taimakon kowa.

Na waiwaya na ga hawaye na bin kumatun Alhaji. Ya ce, "Kai, jama'a!" Ya miƙe.

Na kama gefen rigarsa da yatsu biyu. Biyu kawai. Wannan ma ina yawan tunaninsa. Mai son hana mutum da gaske hannu biyu yake sawa.

Ya bi ta tsakiyar kujeru da irin takunsa, babbar riga na jan ƙasa. Mai tsaron gefen dandamali ya ga shadda da aiki har gwiwa, ya ɗauka wani sarki ne a cikin wasan, ya matsa masa hanya har da rusunawa. Alhaji ya hau. Bahauddeen yana kwance ya hango shi, idanunsa suka fito kamar na wanda aka soka da gaske. Amma an koya masa cewa ko gini ne ya rufto, mawaƙi ba ya tsayawa muddin makaɗa ba su tsaya ba. Mai ba makaɗa umarni kuwa ya ba mu baya, kansa na cikin takarda. Waƙa ta ci gaba.

Alhaji ya durƙusa ya manna ta farko a goshi. Ƙananan takardun ringit, kuɗin ƙasar, na roba ne, santsi gare su, sai ta zame ta faɗa cikin gemun auduga. Ya sake manna wata, ya danne da babban yatsa har sai da gumi da hodar kwalliya suka kama ta. Daga nan hannu ya saba. Goshi ya cika, ya koma kumatu.

"Allah ya jiƙan maza!" in ji Alhaji. "Mutu da kyau, ɗana, muna bayanka!"

Kuma kowa ya san idan babba ya tashi liƙi, na ƙasa ba ya zama. Mutum goma sha biyu suka bi sahu. Indo mai sayar mana da tuwo ta rangaɗa guɗa daga sahu na shida, daidai lokacin da masu goge suka yi ƙasa da sauti. Wani ɗalibi ya miƙa wa wanda ya yi kisan takarda ɗaya, wai shi ma ya yi ƙoƙari. Da Bahauddeen ya buɗe baki zai ja dogon sautin ƙarshe, wata shuɗiyar takarda ta sauka a kan harshensa. 'Yar kyaftin, baiwar Allah, tana kuka tana rerawa ta sa yatsu ta zaro ta. Ya ja sautin har ƙarshe, bai karye ba. Sannan ya mutu. Ban taɓa ganin gawa tana zubar da hawaye haka ba.

Sai wani ya fashe da dariya, wani ya fara tafi, sai kowa ya miƙe. Wayoyi kuwa tun hawan Alhaji suke sama.

A bayan labule Bahauddeen bai yi ihu ba. Yana zaune yana ɓare takardu daga wuyansa, ya dube mu ya ce, "Kun kashe ni." Alhaji ya ɗauka maganar wasan yake, ya ce ai wancan siririn ne ya kashe shi, mu taimako muka kawo. Da yamma sai ga saƙo a zauren wasaf na 'yan Arewa, dogo, daga Bahauddeen. Ban riƙe duka ba, amma kalmar "ƙauyawa" ta fito sau uku.

Ranar Alhamis ya kira ni in zo da sikeli. Na hau hawa tara na tarar da kwalaye a tsakar ɗaki. Littattafan waƙa ya fara sawa a kwali. Kundin digiri da littattafan ƙasar noma ya ture gefe, ya ce in ɗauka tunda ina so. Ina cikin ɗaure kwali na biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Khoo ce, tana haki, lif ya sake lalacewa.

Da Turanci ta yi magana, ga abin da ta ce. Bidiyon ya zaga ƙasar. Tikitin wasanni shida masu zuwa ya ƙare, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta kafa ƙungiya. Attajirai sun zaɓi Bahauddeen. Ta ajiye takardar aiki a kan kwalin da na ɗaure.

Bahauddeen ya zauna a ƙasa. "Sun ji muryar ke nan, duk da abin da aka yi?"

"Sun ji," in ji ta. "Duba shafi na biyu."

A shafi na biyu an rubuta cewa mutumin nan mai babbar riga da jama'arsa za su riƙa hawa dandamali kowace Lahadi, a wurin mutuwa, su yi abin da suka yi. In babu su, babu aiki.

"Madam, wannan ba fasaha ba ce! Wasan kasuwa ne!"

"Shekara talatin ina yi wa kujeru fasaha," ta ce. "Kujera ba ta tafi, ba ta biyan kuɗin wuta. In gaya maka gaskiya, ɗan Koriya ya fi ka iya furta Italiyanci. Amma ba wanda ya hau ya yi kuka a kansa. Ka kawo mini tsohon nan kafin ƙarshen wata. Boleh?"

Boleh a bakinsu tambaya ce, za a iya? Bahauddeen bai ce za a iya ba. Bai kuma ce a ci gaba da ɗaure kaya ba.

Hajiya Murja ta sauka ranar Litinin, namiji. Ranar Juma'a bayan masallaci na raka Bahauddeen gidan Alhaji a Taman Melati yin barka. Alhaji ya amsa gaisuwa, ya sa aka kawo mana lemo mai ƙanƙara, yana kallo Bahauddeen ya shanye bai yi ƙorafin sanyi ba. Sannan Bahauddeen ya karanta masa shafi na biyu, yana fassarawa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya zaro carbinsa yana ja. Ban taɓa ganinsa babu dariya haka ba.

"Dakta, mu ƙauyawa ne, ka faɗa, kuma yaran aikina sun karanta mini har sau biyu. To, bari in gaya maka yadda abin yake a ƙauyenmu. Liƙi ba aikin albashi ba ne da za a sa mini rana da lokaci. Hannu ne ke tashi da kansa idan waƙa ta taɓa mutum. Ranar nan ka taɓa ni, na tashi, ashe zubar maka da mutunci na yi. Na tuba."

"Alhaji, rai ne ya ɓaci..."

"Na sani. Amma mu wanda ya zo gidanmu ya yi mana, shi muke bi gidansa mu yi masa. Suna ranar Litinin da safe, a zauren taro da ke ƙasan ginin nan. Ban gayyaci maroƙi ba, tunda babu shi a garin. Ku gaida gida."

A tashar jirgi muka tsaya, rana na dukanmu. Na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Dakta, Alhaji ya tambaye ni ko ana yi. Na san ba a yi. Na bar shi."

Ya juyo ya dube ni. "Saboda maganar kwali?"

"Saboda ita."

"To, yanzu gode maka zan yi, ko marinka?"

"Shi nake so ka gaya mini."

Jirgi ya iso, ya shiga, bai gaya mini ba. Har yau bai gaya mini ba.

Ranar Litinin zauren ya cika tun ƙarfe takwas. An shimfiɗa tabarmi, ga dabino da goro da Alhaji ya sa aka kawo ta jirgi, ga masa da Indo ta kwana biyu tana shiri. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Hafiz, aka shafa. Mutane sun fara miƙa hannu ga faranti sai ƙofa ta yi duhu.

Bahauddeen ne, da farin kaftani da hula, wuyansa a buɗe babu mayafi. Ya yi sallama da baki, da ƙarfi, har gilashin taga ya amsa. Ya tsaya a tsakiya, babu goge, babu sarewa, ya ja numfashi irin na kyaftin. Da Hausa ya rera, amma da waccan muryar.

"Abdulwahidu, mai tuwon baƙo,
Mai tada injin da ya mutu a Japan ya yi gudu a Kano,
Angon Murja, baban Hafizu,
Gajere a tsaye, dogo a wajen kyauta."

Ya maimaita "baban Hafizu" sau tara, yana hawa yana sauka, yadda aka koya masa. Jariri ya farka a ɗakin mata ya tsala kuka. Tattabarun da ke kan rufin ajiye motoci suka tashi gaba ɗaya. Indo ta yi guɗa.

Alhaji kuwa yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon tabarma. Baiti na biyu ya wuce, hannu bai motsa ba. Na uku ya wuce. Bahauddeen ya ƙare abin da ya shirya, ya koma farko, gumi na bin fuskarsa. Na ga yana satar kallon hannun nan kamar yadda ɗalibai ke kallon allurar sikelina. Ba wanda ya isa ya tashi kafin mai gida. Sai ya bar maganar injin da kyauta, ya sauke murya can ƙasa, ya rera shekara tara da Hajiya ta yi tana jira, da yadda Alhaji ke ɗaukar 'ya'yan mutane a kafaɗa ranar Salla ya mayar wa iyayensu da yamma.

Alhaji ya ɗago kai. Ya ce, "Kai, wannan yaro!" Ya miƙe, hannu na cikin aljihu.

Sai aka samu matsalar da ba wanda ya hango. Ranar Lahadi a kwance ya same shi. Yau Bahauddeen a tsaye yake, kan Alhaji bai wuce ƙirjinsa ba. Alhaji ya ɗaga hannu da takarda, ya yi ɗage, bai kai ko haɓa ba. Ya tsaya a haka, hannu a sama, zaure duka na kallo.

Bahauddeen bai yanke sautin da yake ja ba. Ya tura hularsa baya, ya rusuna, ya miƙa goshi.